Wuƙata a Ƙofar Coci

'Yan bindiga sun harbe ƙanena a gonarmu ta bayan Dosara, suka kora shanun huɗa, ni kuma suka tafi da ni daji. Damina guda na yi a hannunsu. Ranar da suke sauya sansani ruwa ya kece, kowa ya shiga ji da babur ɗinsa, na faɗa cikin dawa na yi ta tafiya. Ban koma gida ba. Babu wanda ya rage da zan koma wa.

A dajin na ga maƙwabcinmu. Ba a ɗaure yake ba. Fetur da burodi ya kawo musu, ya zauna suka ci tare. Ya gan ni, ya kau da kai. Danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu tun muna yara. Da na fito na faɗa wa waɗanda ya kamata, suka ce in kawo shaida. Idona ne shaidata.

Na sauka Talata Mafara. Wani Alhaji mahauci ya ɗauke ni aiki a kwata. Ranar farko aka kira azahar, ya ga ban tashi ba. Na ce masa ni Kirista ne. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Bahaushe da kai?"

"Haka ubana ya bar ni."

"To, yanka dai ba naka na ba. Ka iya fiɗa?"

Na iya. Ya ba ni wuƙar fiɗa. Bakinta a lanƙwashe yake, kanta ba tsini, don kada ta huda fata. Tun ran nan take ƙuguna. Da ita nake kwana, da ita nake kewayawa.

Ubana aikin dam ya kawo shi ƙasar Maradun, ya samu gona ya zauna. Shi ya kai mu birni aka yi mana baftisma muna goye. Babu coci a ƙauyenmu. Abin da ya bar mana alamar gicciye ce da addu'a ɗaya. A daji na yi ta maimaita su har suka zama kamar numfashi, ban san ko ana ji ba. Shi ya sa da na samu gari mai cocin Katolika, na wanke rigata na tafi ran Lahadi.

A bakin ƙofa ana laluba kowa. Mai lalubar wani Igbo ne mai sayar da kayan gyaran babur. Hannunsa ya taɓa ƙuguna, ya ja da baya.

"Malam, wannan fa?"

"Ta aiki ce."

"Aiki? Ka ga saniya a ciki? Sa a bokiti, in an tashi ka ɗauka."

Na dubi bokitin. Na ce a'a. Ya ce to babu shiga. Bai yi laifi ba, ni ma da ni ne mai ƙofar haka zan yi. Na koma gindin dogon yaro a bayan katanga, inda waƙa ke fitowa ta taga. Nan na tsaya har aka tashi. Lahadi ta zagayo, na sake zuwa, na sake tsayawa. Haka na cinye rani.

Katikis, mai koyar da addini a cocin, shi ne ya fara fito mini. Tsoho ne daga kudancin Kaduna, ya koyar a makaranta a Bakura har ya ajiye aiki. Ya jawo benci da kansa.

"Ɗana, ƙafafun nan na aro ne? Zauna."

Bai ce komai a kan wuƙa ba. Ya tambayi abin da na sani, na faɗa, ya ce ya isa a fara. Ban iya karatu ba, don haka shi ke faɗa, ni ina bi. A bencin nan na san me Fada, limamin cocin, ke yi a bagadi, na san gurasar da ake sa wa mutane a baki ita ce Jibi Mai Tsarki, kuma ba a zuwa gare ta da mugun nufi a ciki. Sai ya koya mini wani abu da ya kira binciken zuciya. Ya ce in na tashi daga aiki in zauna shiru, in bi yinin tun daga safe, in ga inda zuciyata ta fi zuwa, in nuna wa Allah wurin ba tare da na gyara shi ba.

Na ce, "Baba, tawa ba ta zuwa ko'ina. Tsoro ne kawai."

Ya ce, "To je ka duba. Ni ban shiga ba."

Na duba. Kullum wuri ɗaya take zuwa, kara, inda ake cinikin dabbobi. Maƙwabcin nan namu yana kawo awaki duk ran kasuwa. Na daɗe da sani. Na san motar da ke sauke shi, na san rumfar da yake shan fura. Ban taɓa ce wa kaina ina bibiyarsa ba, sai da na zauna shiru.

Alhaji ma ya gani, ta nasa gefen. Wata safiya ya ɗaga fatar sa a rana, haske na fitowa ta huji uku ko huɗu.

"Kai, wanga aiki na mi ne? Rariya nic ce ka yi mani? Kawo wuƙar."

Ya juya ta a hannu. Kan da ba shi da tsini ya zama tsini. Ni na wasa shi a dutse, kaɗan kaɗan, duk daren kasuwa. Wallahi ina wasawa ina ce wa kaina gyara nake yi. Alhaji ya daɗe yana kallona.

"Wagga ba ta fiɗa ba ce yanzu. Wa kake nema?"

Ya miƙo mini ita, ya ce daga yau duk ran Talata, ranar kasuwa, wankin tumbi ne aikina, can ƙarshen kwata, kada ya ga ƙafata a kara.

Amma maƙwabcin namu shi ya zo. Ya biyo wani dillali, ya gan ni tsugune a kan tumbi, kuma akwai jama'a, ba damar ya wuce. Ya tsaya ya gaishe ni. Ina wuni, ina gajiya, ina aiki, ina zaman baƙunci. Na amsa duka. Lafiya lau, ba gajiya, aiki da godiya. Hannuna na dama yana cikin riga. Sai ya ce, "Ya muka ji da haƙuri? Allah shi jiƙan ƙanenka." Na ce amin. Tsakanina da cikinsa bai kai kamu biyu ba. Na san inda ake sa wuƙa, aikina ne. Ban sa ba, kuma ba don na yafe ba ne. Bakina yana ta amsa gaisuwa, hannuna ya rasa lokacin da zai fito. Ya tafi. Na yi amai a cikin kwatami.

Ran Asabar na je wurin Fada don furta zunubi. Katikis ya riƙe mini wuƙar a waje. Na durƙusa na faɗi komai. Fada ya ce, "Kana da niyyar barin wannan nufin?"

Na ce, "Ban sani ba, Fada. In na ce e, ƙarya na yi."

Ya ce ba zai iya kwance abin da nake riƙe da shi da hannu biyu ba, amma kada in daina zuwa. Ya ce gaskiyar da na faɗa ita ma addu'a ce. Ban ji sauƙi ba. Na dai san sunan abin da ke ƙuguna. Da ina cewa daji ne ya ƙi sakina. Ashe har da ni a cikin masu tsarona.

Washegari na sa wuƙar a bokiti. Mai ƙofar ya ce, "Malam, yau saniya ta huta?" Na cire takalmina a bakin coci kamar yadda na saba a gidan manya, mata suka yi dariya, na bar su. Na zauna a benci na ƙarshe, inda nake hango bokitin.

Katikis ya ce in kai wa maƙeri ya kashe tsinin. Na je har ƙofar maƙera na juyo. Alhaji ya saya mini wata ta fiɗa, da ita nake aiki. Tsohuwar tana nan.

Yanzu ina Talata Mafara, a ɗakin da ke bayan kwata. Ran Talata ina wankin tumbi, bayana ga kara. Ran Lahadi ina shiga coci, wuƙata na bokiti. In mutane suka tashi layin Jibi, ina zaune, hannuwana a kan gwiwa. In an tashi, ina ɗaukar abata in mayar ƙugu. Mutumin yana raye. Ni kuma ban karɓi Jibi ba tukuna.