Gurasar da Malam Ya Hana Ni Haɗiyewa

Jiya a unguwar Apo, ina jiran bakanike, mai gurasa ya wuce, sai na tuna marigayi Malam, wanda ya koya mini kimiyyar sinadarai.

Lokacin da nake bincike a ƙarƙashinsa, kwamfuta ta yi mako uku tana lissafin kwantam, wato na ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, kan yadda ƙwayar lantarki ke tsallakawa cikin enzayim, sinadarin da ke juya abinci ya zama ƙarfi a jiki. Aka ɗauke wuta, komai ya goge.

Na ce, "Malam, na haƙura. Aikin ofis zan nema."

Ya gutsuro gurasa ya miƙo mini. "Tauna, kada ka haɗiye."

Na yi ta tauna har ta fara zaƙi a bakina.

Ya ce, "Enzayim ɗin yawunka ne ya yi wannan, ba tare da janareta ba. Allah Ya riga Ya gama aikin, ɗana. Mu leƙe kawai muke yi, mai leƙe kuwa ba ya gaggawa."

Washegari na sake kunna lissafin. Yau ɗalibaina ne ke kansa.

Na sayi gurasar, na tauna a hankali, zaƙin ya zo. Allah Ya ɗanɗana maka na Aljanna, Malam.