Tafintar da Ba Ta da Takarda

Duk wanda ya ci kasuwar Bungudu a shekarun nan ya san Huseina mai man gyaɗa, mutuniyar Nahuce. Ba man ne ya fito da ita ba, don gaskiya bai fi na kowa ba. Hannuwanta ne. Ƙanenta Ɗahiru kurma aka haife shi, ita ta goya shi, tun suna wasan ƙasa kuma suka ƙirƙiro maganarsu ta hannu. Da ta girma ta haɗa da ta sauran kuramen ƙauyuka, har ta kai in kurma zai sayar da akuya, ko zai nemi aure, ko zai nuna wa malamin asibiti inda ke masa ciwo, sai a ce a kira Huseina. Har Tsafe da Bilbis an sha ɗaukar ta a mota. Ladanta goro ne, shi ma tana karɓa tana mitar ƙanana ake zaɓo mata.

Ɗahiru ba shi da komai a duniya sai fadamar da ubansu ya bari, inda yake noman albasa yana ciyar da matarsa da 'ya'ya huɗu. A shekarar 1998 maƙwabcinsa na gona, Alhaji Mamman, ya tashi ya ce ɓangaren bakin rafi nasa ne, aro aka ba marigayin. Magana ta ƙi mutuwa wajen mai gari, ta kai kotu a Gusau. Huseina ko a jikinta. Ɗahiru ya san inda ubansu ya binne duwatsun iyaka, ita kuwa ta san yadda za ta faɗa.

Ranar zaman farko ta tsaya kusa da shi tana gyara mayafi, sai magatakarda ya ɗago kai.

"Inna, ina takardarki?"

"Wace takarda, ɗana?"

"Ta shaidar tafinta. Kotu ba ta sauraren tafinta sai mai rajista."

"Ni nig goya shi hwa! Shekara arba'in ina jin maganatai, mi za a shaida kuma?"

Aka ɗage shari'a mako biyu. Huseina ta rufe tulun manta, ta yi kwana uku tana bin ofisoshin Gusau, wannan ya tura ta can, wancan ya ce maigidan ya fita. Daga ƙarshe wani ma'aikaci mai haƙuri ya zaunar da ita ya yi mata bayani: sai an gama sakandare, a je kwas na shekara biyu, sannan a yi rajista. Matar da ko fensir ba ta taɓa riƙewa ba! Ta ce a kawo kurma kowane iri a gwada ta yanzu-yanzu. Ya yi murmushi ya ce ba su da fom na wannan.

A zama na biyu aka kawo Malama Esta, mai koyar da yara kurame a birni, da takardarta a jaka. Mace ce mai kirki, kuma ta iya aikinta. Sai dai maganar hannun makaranta ta iya, mai haruffa a yatsu, Ɗahiru kuwa ko ƙofar aji bai taɓa takawa ba. Ta yi ta juya yatsu, shi yana kallon ta kamar yana kallon mai saƙa.

Nan ne Huseina, da aka zaunar a bencin baya, ta hango abin da zai faru. Tun yana yaro ita da kanta ta koya masa: in babban mutum ya yi maka magana ba ka gane ba, kada ka tsaya zare ido, ka sunkuyar da kai ka gyaɗa, daga baya ni zan gaya maka. Da wannan ladabin ya zauna lafiya da mutane duk rayuwarsa.

Alƙali ya ce a tambayi Ɗahiru ko ya yarda aro ne. Esta ta tambaya. Ɗahiru ya sunkuya ya gyaɗa kai.

"Ranka ya daɗe, ban tabbata yana fahimta ta ba," in ji Esta.

"A sake tambayar sa."

Ta sake a hankali. Ya ƙara gyaɗawa, wannan karon har da murmushi. Huseina ta miƙe zumbur tana ɗaga hannuwa, tana kiran sunansa kamar zai ji, amma tana bayansa, ba ya ganin ta. Ɗan sandan kotu ya ce ta zauna ko ta fita. Ta zauna. Tana kallo aka kama babban yatsansa aka dangwala a tawada.

A waje, gindin dalbejiya, Ɗahiru ya tare ta fuska a sake. Ya ga an rubuta, ya ga an tashi, har Alhaji Mamman ya ba shi hannu. Ya nuna mata cewa gobe da sassafe zai dasa irin albasa a bakin rafi. Esta ta zo wucewa idanunta jawur, ta ce, "Inna, ki yafe ni," ta wuce.

Wannan fassarar dai babu wanda ya nemi takardarta. Ta ɗaga hannuwa, ta nuna masa rafi, ta nuna Alhajin, ta nuna yatsansa mai tawada. Tunda take ba ta taɓa yin aikin da ya ƙona mata zuciya irin wannan ba. Ya gane nan take, don a wajenta bai taɓa buƙatar maimaici ba.

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya nuna ta, ya nuna idonta, ya nuna ƙofar kotun: kina ciki, kina gani?

Ta fara yi masa bayanin takarda, da sakandare, da rajista, sai ta tarar babu ko ɗaya da ke da alama a maganarsu. Ya kama hannuwan nata biyu ya saukar da su a hankali, ya juya fuskarsa ga bangon kotun. Tana tsaye a bayansa tana ta ba shi haƙuri da baki.