Malam Bukar da Gwaggonsa Mai Rajista Biyu

Duk wanda ya taɓa shiga cibiyar kwamfutar Malam Bukar a nan Azare ya san abu ɗaya: idan ka ga ya tuɓe hularsa ya kifa ta a kan allon kwamfuta, to ka nemi ƙofa. Shi ya sa raina ya ɓaci a wajen zaman makokinsa da na ji wani yana cewa wai marigayi mutum ne mai sanyin hali. Sanyin hali? Ku ji tsoron Allah! Shagona na magani yana manne da nasa, ni na san abin da bangon nan ya sha ji.

Babarbare ne, iyayensa daga Yobe suka zo, ni kuwa Bafillacen Jama'are, don haka kullum cikin tsiya muke. A cibiyarsa yara ke zana jarrabawa ta kwamfuta, kuma duk injinan ɗakin suna rataye ne da wata babba guda da ake ce wa saba. Shi Gwaggo yake kiranta.

Ana gab da wata jarrabawa wuta ta zo da ƙarfi ta hargitsa Gwaggo. Ya goge ta tas, ya sake ɗora mata manhaja. Saura ta yi rajista da kamfanin da ke turo mata gyare-gyare ta intanet, don masu duba cibiya ba sa amincewa da sabar da ba a sabunta ba. Ga yara daga Chinade har Zadawa an riga an turo su wajensa. Sai kamfanin ya amsa: wannan na'ura tana da rajista, gurbinka ya cika.

Ihunsa ne ya shigo da ni.

"Bafillace, zo ka ga raini! Wai tsohuwar Gwaggo tana nan da rai. Ni da na wanke ta da hannuna!"

"To ka gaya musu mana."

Ya shiga wajen neman taimako ya zazzaga musu bayani, rabi Turanci rabi Barbarci. Nan take amsa ta dawo, wai suna farin ciki da jin ta bakin abokinsu mai daraja.

"Farin ciki? Zagin ubansu na yi fa!"

Na ce masa ai inji ne ke amsawa. Ya ce ko inji ne, ai wani ne ya rene shi.

Daga baya ya gano dole sai ya shiga asusunsa ya cire tsohuwar rajistar kafin sabuwa ta samu wuri. Kalmar sirri kuwa ta gudu daga kansa. Suka yi masa tambayar da shi da kansa ya zaɓa tun farko: wane ne babban amininka? Ya sa sunan ƙanensa, a'a. Sunan limamin unguwarsu, a'a. Har na mai shayin bakin tasha ya gwada, ina tsaye a kansa.

Na ce, "Kai, Malam Bukar, ni ba mutum ba ne?"

"Kai bawana ne, ba amini ba."

Ya dai gwada sunana, aka ƙi. Wallahi na ji haushi! Can sai ya murmusa, ya buga wani abu, asusu ya buɗe. Na leƙa. Amsar da ya ajiye musu ita ce: ba ruwanku.

Kada ku ce an gama. A jerin akwai Gwaggo biyu, tsohuwa da sabuwar da ta maƙale, suna iri ɗaya. Na ce ya duba ranar da kowacce ta yi magana da kamfanin ta ƙarshe. Ya ce mai sayar da maganin tari ba zai koya masa aiki ba. Ya danna, ya goge sabuwar.

Hular nan sai da ta kai bakin titi. Wani ɗan acaɓa ne ya dawo da ita.

Ya goge ɗayar ma, ya yi rajista daga farko, ya sa mata suna Gwaggo Ta Gaske. Gyare-gyare suka fara sauka ba ƙaƙƙautawa, shi kuma ya buɗe sabon faɗa: "Ɗazu kun hana ta ko loma, yanzu za ku shaƙe ta!"

Masu dubawa suka zo suka amince. Ranar jarrabawa na gan shi a bakin ƙofa yana raba wa yaran ruwan sanyi, yana yi musu masifa kada su jiƙa masa kujeru. Wata yarinya ta fito tana kuka, wai ta rikice. Ya zaunar da ita a benci, ya yi ta balbale ta da faɗa har sai da ta yi dariya, sannan ya tare mata Keke Napep zuwa gida.

Yanzu bangon shagona shiru, ni kuma shirun nan ya dame ni. Ya Allah, ga Bukar nan ya zo gare Ka. Bakinsa ne kawai mai zafi, Ka fi mu sanin zuciyarsa. Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka rufa wa iyalinsa asiri. Amin.