Farin Ƙyallen da Mama Ba Ta Ɗaga Ba

Yanzu idan aka fara gardama a kan ko ya halatta a naɗa mace rabaran, jakata nake ɗauka in fita. Ba don ba ni da abin faɗa ba. Da can ni ce uwar gardamar, ina yi har muryata ta dushe. Gajiya ce kawai ta kama ni, kuma na san ranar da ta fara.

Ikilisiyarmu ta Dogarawa ƙarama ce, reshe ce ta babbar majami'ar ɗarikarmu da ke Sabon Gari. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, idan ruwa ya sauko ba ka jin mai wa'azi sai ya yi ihu. Shekara bakwai ba a turo mana fasto ba, kuma a shekarun nan Mama ce ta riƙe wurin. Ta yi makarantar Littafi Mai Tsarki tun tana budurwa, kafin ta auri Baba, wanda ya ƙare aikinsa a reluwe. Muna da dattawan ikilisiya biyu, mutanen kirki, amma noma ya cinye su, ɗaya ma kafin a gama waƙar farko ya fara gyangyaɗi. Saboda haka Mama ce mai koyar da masu shirin baftisma, ita ce mai zagaya marasa lafiya, ita ce mai raba faɗan miji da mata. Ran Lahadi ita ke buɗe Littafi, sai dai ba ta hawa bagade. A ƙasa take tsayawa, kusa da wani ɗan tebur.

Abu uku ne ba ta taɓawa: baftisma, ɗaurin aure, da Jibin Ubangiji. Waɗannan sai Rabaran ya zo daga Sabon Gari a kan babur ɗinsa, sau ɗaya a wata uku. Amma duk wahalar Jibin a wuyanta take. Ita ke gasa gurasar a kasko, marar yisti, siririya. Ita ke tace zoɓon ta zuba a ƙananan kofuna, ta jera a tire. Sannan ta ɗauko wani farin ƙyalle da ta wanke ta sa wa sitaci, ta goge da dutsen guga na gawayi, ta rufe duka. Daga nan aikinta ya ƙare. A al'adar ɗarikarmu, da zarar an rufe, hannun wanda aka naɗa ne kaɗai zai ɗaga ƙyallen, ya yi addu'a, ya raba. Duk wanda ya yi karambani ya ɗaga, horo ne: a mai da shi bencin baya, a hana shi koyarwa da tsayawa a gaban jama'a.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Samaru, ina kuma ƙarin karatu a jami'a. A taron addu'ar ɗalibai na ga 'yan mata suna wa'azi, rufi bai faɗo wa kowa a ka ba. Sai na riƙa zuwa gida ran Asabar da ayoyina a baki. In shiga bas zuwa Kwangila, in hau acaɓa, in iske Mama tana guga, in fara. Ba mace ba ce Debora, ta yi wa al'umma guda shari'a? Ran tashin Ubangiji daga matattu, su wa aka fara aika da labarin, ba mata ba? Ita kuwa sai ta hura gawayin dutsen gugarta ta ce Manzo Bulus ya rubuta abin da ya rubuta a kan mace da koyarwa, ba ita ta sa shi ba.

In ce, “To ai kina koyarwa, Mama! Duk Lahadi kina koyar da maza masu gemu. In ayar ta hana, ai tuni kin karya ta.”

Ta ce, “Ke dai da bokonki. Wa ya gaya miki farar kwalar rabaran nake nema? Miƙo min ruwa in yayyafa.”

Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana, “ke” ce kawai. Baba yana kan kujerarsa da rediyo a kunne, sai ya yi dariya ya ce mu biyun nan mun ishi majalisar ikilisiya, ba sai an kira kowa ba. Bai taɓa faɗin wadda yake goyon baya ba.

A daminar wata shekara, lokacin da wayar salula ta fara yawa amma ba kowa ke da ita ba, ciwon Baba ya yi tsanani. Ƙoda ce. Mun yi jinya a asibiti har likita ya kira ni gefe ya ce mu kai shi gida ya huta. Na gane abin da yake nufi, Mama ma ta gane. Saboda kwanciyar asibiti, Jibi biyu sun wuce Baba bai ci ba, shi da tun da aka yi masa baftisma bai taɓa fashi ba. Ran wata Laraba ya ce abu ɗaya ya rage masa, yana so ya ci Jibin Ubangiji kafin ya tafi. Mama ta aika wa Rabaran, ya ce in Allah ya yarda gobe kafin sha biyun rana yana gidanmu.

Ran Alhamis da safe Mama ta gasa gurasa ɗaya, ta zuba zoɓo a kofuna huɗu, nata da nawa da na Baba da na Rabaran. Ta ɗora tiren a kan kujerar tsuguno a gefen gadon, ta rufe da farin ƙyallen. Baba yana kallonta. Numfashinsa ya riga ya canza, yana ja yana tsayawa.

Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi, shiru. Na fita bakin titi wurin masu waya a ƙarƙashin lema na kira Rabaran. Sai a kira na huɗu na same shi, muryar tana yankewa. Ashe ran Laraba, bayan ya amsa saƙon Mama, ya tafi jana'izar wani abokin aikinsa a kudancin Kaduna, ya kamo hanyar dawowa tun da sassafe, motar da suka shigo ta lalace a daji. Ya ce mu yi haƙuri, yana nan tafe. Ban ga laifinsa ba a ranar, ban gani ba har yau.

Na hau acaɓa zuwa Sabon Gari, babbar majami'a. Na sami mataimakin Rabaran, wani fasto mai ladabi, na roƙe shi. Ya ce zai bi ni ya yi wa Baba addu'a da dukan zuciyarsa, amma ba a naɗa shi ba tukuna, ba zai iya taɓa ƙyallen ba. Na ce addu'a muna da ita a gida, na fito. A hanyar dawowa na wuce wata majami'ar mutanen kudu, ga hoton fastonsu a jikin bango, mace ce, da kwalarta da komai. Na tsaya na kalle ta, raina yana tafasa.

Ina shiga gida na ja Mama tsakar gida na ce ga wata mace fasto can a Sabon Gari, in je in ɗauko ta. Ta ce ba 'yar ɗarikarmu ba ce, Baba ma ba zai karɓa daga hannun baƙuwa ba. Na ce to ita ta ba shi. Ta dube ni kamar na zage ta, ta koma ɗaki.

Ashe Baba ya ji mu. Da muka shiga ya ɗaga yatsa, Mama ta durƙusa ta kai kunnenta, amma ni ma na ji.

Ya ce, “Maman yara, ke kika gasa. Ke kika rufe. Buɗe mana ki ba ni.”

Mama ta kai hannu kan ƙyallen. Wallahi na ɗauka za ta ɗaga. Yatsunta suka kama gefensa, suka daɗe a wurin. Sai na ga tana miƙar da wata 'yar tattara a gefen, tana shafawa.

Ta ce, “Baban yara, ka ƙara haƙuri kaɗan. Rabaran yana hanya.”

Baba ya ce, “To.”

Shi ke nan abin da ya ce. Bai yi fushi ba, bai sake roƙo ba, ya rufe ido.

Ni kuwa na fashe. Na faɗi maganganun da 'ya ba ta faɗa wa uwa. Na ce tsumma ya fi mata mijinta. Na ce shekara bakwai tana yi wa maza bauta, ga ladan. Na miƙa hannu zan yaye ƙyallen da kaina, ta kama wuyan hannuna. Nan ne wurin da ba na son tunawa. Mama tsohuwa ce, ta yi kwanaki ba ta ci abin kirki ba, riƙon bai da wani ƙarfi. Da na so, da na fizge. Ban fizge ba. Da ta riƙe ni, wani sanyi na ji a raina, kamar an sauke mini kaya. Ni ma tsoron ƙyallen nake ji, duk da ayoyina. Ashe a baki kaɗai nake da ƙarfi.

Mama ta karanta masa Zabura, ta yi masa waƙar da yake so, tana jiƙa masa leɓe da ruwa a cokali. Ana gama kiran sallar la'asar a masallacin maƙwabtanmu, Baba ya cika. Tiren yana gefensa a rufe.

Rabaran ya iso gab da magariba, wandonsa duk taɓo. Ya ga mutane a ƙofar gida, ya shiga ɗaki, ya ga tiren, ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Mama ce ma ke ba shi haƙuri. Washegari na gan ta a bayan gida tana marmasa wa kaji gurasar. Ta ce tunda ba a yi addu'a a kanta ba, gurasa ce kawai.

Na yi wata biyu ba na zuwa Dogarawa sai dole. Ran da na je na kwana biyu, na iske ta a bakin rijiya tana wanke ƙananan kofunan, don Jibi ya zagayo. Na zauna ina ɗauraye mata. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Kina tsammani ban san ayoyinki ba? Na san su kafin a haife ki. Na karanta na wannan gefe, na karanta na wancan, shekara da shekaru, har yau ban san wanne ne ya fi nauyi ba. Amma ranar nan ba Allah na ji tsoro ba. Da Allah ne, da na ba shi.”

Na ce, “To me kika ji tsoro?”

Ta ce, “Bencin baya. Ba na iya ɓoye abu, da kaina zan je in faɗa. Su sa ni horo, su hana ni tsayawa. Wa zai buɗe majami'ar ran Lahadi? Mutum tara nake shirya wa baftisma. Na auna babanki da su, na zaɓe su. Shi kuma ya ce to.”

Na ci gaba da ɗauraya, ta ci gaba da miƙo mini.

Ran Lahadi Rabaran ya ɗaga ƙyallen, ya yi addu'a, dattawa suka fara zagayawa da tire. Ina zaune kusa da Mama. Da tiren gurasa ya iso gabanta, sai ta karɓa da hannu biyu ta miƙo mini, ba ta ɗauka ba. Na kofuna ma haka. Na ce ko ranar ce kawai. Wata uku suka zagayo, ta sake yi. Rabaran ya kira ta ya tambaya ko akwai wanda take riƙe da shi a zuciya, ta ce babu. Dattawa suka yi magana, matan zumunta suka yi, ni ma na yi har na gaji. Ta ci gaba da gasawa, da tacewa, da guga, da rufewa. Ko da aka turo mana fasto daga baya, aka naɗa shi, Jibi ya koma duk wata, ita ce dai mai gurasa, kuma tiren yana wuce ta.

A Samaru abokaina suka ci gaba da gardamarsu, wannan ya jawo aya, wancan ya jawo tata. Suna juyowa wurina don sun san ni da zafi, sai in ce kaina na ciwo. Me zan ce musu? Na tsaya a gaban ƙyallen nan da hannuna a miƙe, na san iyakata.

Mama ta yi shekara goma sha ɗaya bayan Baba. Ciwonta na ƙarshe a ɗakin nan ne, a kan gadon nan. Wannan karon kowa na da waya a aljihu, gidan fastonmu kuma ba shi da nisa, ko da ƙafa minti biyar ne. Da na ga jikin ya yi nauyi, na durƙusa na ce, “Mama, bari in kira Rabaran ya kawo miki Jibi. Ni zan gasa gurasar, na iya.”

Ta girgiza kai a hankali.

Na ce, “Don Allah, Mama. Ya isa haka. Baba bai riƙe ki ba, da kunnena na ji ya ce to.”

Ta kama wuyan hannuna, daidai inda ta kama a wancan karon.

Ta ce, “Ke, bar shi. Babanki da yunwarsa ya tafi. Ba zan je in same shi a ƙoshe ba.”