Shekarar da Na Sauya Mai Jan Baƙi

Fiye da shekara talatin ina tafsiri a masallacin unguwarmu a Madabo, kuma a tsawon wannan lokaci mutum guda ne yake ja mini baƙi: ya karanta aya, ni kuma in fassara wa jama'a. Alaramma muke ce masa. Sa'ana ne, gaban malami ɗaya muka durƙusa. Sana'arsa ɗinkin gafaka, jakar fatar da ake adana Alƙur'ani a ciki, a wata 'yar rumfa cikin Kasuwar Kurmi. Karatunsa a tsanake yake, yana ba kowane harafi haƙƙinsa.

Yawancin masu zama a gabanmu 'yan kasuwa ne, masu shadda da masu hula da masu turare. Da hantsi muke farawa. A farkon azumi ba mai ƙorafi, amma da an shiga goman ƙarshe, cinikin Sallah ya kankama, sai sahu ya fara raguwa, waɗanda suka rage kuma hankalinsu na kan wayoyinsu.

Shekarar da nake magana a kanta, wani Alhaji da ya saya wa masallacin lasifika ya same ni a zaure, shi da mutum biyu. Cikin ladabi suka yi magana. Suka ce ba sa son rasa karatu, kasuwa kuma ba ta jira. Alaramma ya manyanta, numfashinsa ya gajarta, zaman sa'a ɗaya yana kai biyu. Akwai wani malamin Islamiyya mai zaƙin murya da zai ja da sauri, mu rufe tafsiri da wuri, kowa ya fuskanci shagonsa.

Na amince. Na gaya wa kaina cewa sauƙaƙa wa mutane yana cikin addini, kuma gaskiya ne. Abin da na ɓoye wa kaina shi ne tsoron in ɗaga kai wata rana in ga tabarmi ba kowa. Sannan na yi abin da ya fi wannan muni. Ban taka zuwa wurin Alaramma ba, ladan na aika ya gaya masa ya huta.

Masallaci ya cika. Muka riƙa shafe shafuka, ina fassara ina haki, ina tsallake maganganun malamai da a da nakan tsaya a kansu. Ranar rufewa na yi nasiha a kan godiya, cewa ana yin ta da zuciya da harshe da gaɓoɓi, kuma ba ta cika ga Mahalicci sai an gode wa bawan da alheri ya biyo ta hannunsa. Daga nan na shiga jero godiya kamar yadda aka saba: ga Alhaji, ga ladan, ga mai shara, ga sabon mai jan baƙi. Ina cikin jerowa sai Alaramma ya faɗo mini a rai. Na lalubi shekarun nan duka, ban samu rana ɗaya da na gode wa Alaramma ba. Na ɗauke shi kamar numfashina, abin da ba na tunawa da shi.

Ranar jajibiri bayan azahar na shiga Kurmi. Lungunan sun cushe, kowa riƙe da leda, kowa na neman a ba shi hanya. Rumfar Alaramma kaɗai ce ba kowa, domin ba mai sayen gafaka don Sallah. Ya shimfiɗa mini buzu, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa na zo neman afuwa, na kuma zo da godiyar da ta makara.

Ya ajiye basillarsa. Ya ce, "Malam, ni ma na san numfashina ya ragu. Da ka zo da kanka, da ni zan nemo maka magajina. Amma a wurin alwala ladan ya tare ni, mutane na ji."

Na roƙe shi ya koma mazauninsa baɗi. Ya ce Allah ya kai mu, ya ce ya yafe, kuma ban yi shakkar yafiyarsa ba.

Da azumi ya zagayo ya zo, amma a sahun baya ya zauna, ya jingina da bango. Na yi masa alama ya matso, ya ɗaga hannu ya sunkuyar da kai. Haka yake yi har yau. Na umarci sabon mai jan baƙi ya sassauta, ya sassauta, sahu ya koma raguwa a goman ƙarshe, ban kuma ƙara damuwa da hakan ba.

Kowane Sha'aban ina zuwa rumfarsa da ƙafata in sake roƙonsa. Bana ma na je. Ya ce in bar wa mai ƙarfi. Na zauna a gefensa har aka kira la'asar. Bai sallame ni ba, bai kuma ɗaga kai daga fatar da yake ɗinkawa ba.