Irin Citta a Cikin Silin

A gidanmu na Kwoi akwai wani wuri da babu wanda ya taɓa zama a cikinsa, wato sararin da ke tsakanin kwanon rufi da silin. Ina ƙarama nakan kwanta in zura wa 'yar ƙofarsa ta katako ido, in ɗauka can ne rana take shiga ta huta, don da azahar ɗumi yakan sauko daga wurin kamar numfashi.

Shekarar da nake aji biyu a kwaleji a garin Gidan Waya, Mama ta kai irin cittarta can sama. Mutanenmu ba haka suke ajiye iri ba. Gindin mangwaro ake tara shi, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, ya zauna a inuwa har ruwan shuka ya sauka. Amma shekarar da ta gabata an kwashe mata rabin tulin wata Lahadi muna sujada, ta ce ba za a sake ba. Tun rasuwar Baba gonar citta ce take riƙe da mu, kuma irin da ke hannunta shi ke nan. In ya bushe, babu shuka.

Farkon Maris na zo gida, na hau tsani na leƙa. Zafi ya doke ni a fuska, har da ƙamshin citta mai yaji. Wadda ke bakin buhuna ta fara yanƙwanewa.

Na kira Kawu, ƙanin Mama, wanda yake koyar da kimiyya a Kafanchan. Ranar Asabar ya iso a kan babur da wata 'yar fanka da farantin sola mai sheƙi. Ya fasa rami a bangon da ke ƙarƙashin kwano ya kafa fankar tana kallon waje, don ta riƙa zuƙo iska mai zafi tana fitarwa. A ɗaya gefen ya buɗe wani ramin ya sa masa raga. Farantin kuwa ya ɗora shi a rufin kicin, wanda ba shi da tsayi. Yana haɗa waya fankar ta fara juyawa, da wata ƙara siririya kamar ta ƙudan zuma a nesa. Na daɗe a tsaye ina saurare. Ya ba ni mamaki, a ce ranar da ke dafa ɗakin ita ce kuma take yi masa fifita.

Na koma makaranta da kwanciyar hankali. Da na dawo hutun Ista, sai na tarar gidan shiru. Fanka ba ta motsi, silin kuma ya koma yadda yake. Mama ta ce ai ta gaji ne, ta bar ta ta huta.

Kawu ya sake zuwa. Ya bi waya daga fanka har bayan gida, ina biye da shi, sai muka ga rufin kicin. An lulluɓe farantin da ciyawa, a shimfiɗe tsaf, an danne gefe huɗu da duwatsu, daidai yadda ake rufe kunyar citta bayan shuka.

"Yaya! Wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ne mana," in ji Mama daga bakin murhu. "Na hau turmi na taɓa shi, ya kusa ƙona mini hannu. Abu mai kyau haka, ka yar da shi a rana kamar ba shi da uwa?"

Kawu ya fashe da dariya. "Kai, Yesu! Yaya, wannan ba citta ba ne. Rana ce abincinsa."

"To malam, da ka faɗa. Kai dai ka sha kunu ka hau babur."

"Tun yaushe?"

Ta ƙirga da yatsu. Kwana goma sha ɗaya.

Kawu ya daina dariya. Na hau turmin na yaye ciyawar, kafin in sauko ƙarar ta dawo. Mama ba ta ko ɗaga kai ba. Ta goge hannu a zani ta ce a sauko mata da buhunan duka.

Muka zazzage su a tabarma cikin inuwa. Ta zauna ta miƙe ƙafa, tana ɗaukar citta ɗaya-ɗaya tana karcewa da farce. Wadda ta nuna danshi ta jefa dama, wadda ta bushe ƙamas ta jefa hagu. Ni kuma ina duba idanun iri, 'yan ƙananan farare da suka fara leƙowa. Har la'asar muna yi. Tulin dama ya fi girma, amma na hagu ma ba kaɗan ba ne.

"Zai isa?" na tambaye ta.

"Zai kai har wurin dutsen da ke gonar," ta ce. "Daga can zuwa rafi sai gwaza."

Haka kuwa aka yi. Ruwa ya sauka ƙarshen Afrilu, muka shuka, muka rufe. Bayan mako uku Mama ta kira ni a waya da safe ina shirin shiga aji. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Yarinya na, ya fito."