Gishirin Turanci a Kunnen Baba

Babanmu tafinta ne a asibiti. Aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin likitocin da ba sa jin harshenmu da marasa lafiyar da ba sa jin Turanci, a wani ɗan ɗaki mai gado ɗaya da koren labule. Warin magani har gida yake bin rigarsa. Turancinsa na firamare ne, sauran kuwa a bakin likitoci ya tsince shi.

Farkon kama aikinsa ya sha kunya. Wata likita ta fito daga ɗakin tiyata tana cewa yunwa za ta kashe ta, ƙafafunta ma kashe ta suke yi. Baba ya ruga a guje ya turo mata keken marasa lafiya. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Tun daga ranar ya fara kasa kunne sosai. Ya gano cewa mai Turanci ba ya cewa abu mai kyau ne ya tsaya nan, sai ya ce abin al'ajabi ne, ko da kofin shayi ne. Jaka in ta ɗan yi nauyi, to ta kai tan guda. Ɗan jira a bakin ƙofa kuwa, an jira har abada.

Yakan kawo mana irin waɗannan gida, muna cin abinci yana kwaikwayon muryarsu. Wata rana Umma ta ce, "Yo ai mu ma haka muke, Malam. Ba kai ne kullum kake cewa ka kira ni sau dubu ba?"

Ya ce, "Ke kuma sau nawa kika amsa?"

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, a kan ƙananan abubuwa gishirinsu yake ƙarewa. In magana ta yi girma da gaske, sai kalmominsu su ƙanƙance. Likitan da ya kira ɓatan bironsa bala'i, shi ne zai ɗaga hoton ƙirji ya ce akwai ɗan abin da bai kwanta masa ba. Baba yakan ce shi ihun likita ba ya ba shi tsoro, sanyin muryarsa ne abin tsoro.

Bayan mun girma, Umma ta kamu da tari mai naci. Baba ya kai ta wurin wani tsohon likita da suka daɗe suna aiki tare, ni ma na raka su. Likitan ya jima yana duban hoton, ya cire tabarau, sannan ya ce ya ɗan damu da wata inuwa da ya gani.

Umma ta ce, "Malam, me ya ce?"

"Ya ce ya ɗan damu."

Ta dube shi ido cikin ido. "Ba fassarar asibiti na tambaye ka ba. Ta gida nake so."

Baba ya sunkuyar da kai, ya murza hularsa, ya ce, "Abin babba ne."

Ta gyara ɗankwalinta. "To, madalla da ka faɗa min. Ina da abubuwan da zan kintsa."

Ta kuwa kintsa su. Ta raba kayanta da hannunta, ta shirya da ƙanwarta da suka daɗe ba sa ga maciji, ta koya wa Baba dafa abin da zai ci. Ta ɗan jima tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu Baba ya yi ritaya, amma maƙwabta ba su bar shi ya huta ba. Duk mai zuwa ganin likita sai ya biyo ta ƙofarmu, shi kuma ya sa hula ya bi shi. Kafin su shiga yakan tsayar da mutum a baranda ya tambaye shi, "In labarin ba daɗi, kana son jin sa duka, ko in fara faɗa wa na kusa da kai?" Abin da mutum ya zaɓa, shi yake yi.